Wa Ya Ƙera Shi? Sharhi Kan Gano Asalin Tsohon Susafon

Duk wanda ya taɓa kallon faretin 'yan badujala, a fili ko a talabijin, zai iya tuna mutanen sahun baya, kowannensu ya shige cikin wani ƙaton ƙaho na tagulla da ya naɗe masa jiki, ya hau kafaɗarsa ta hagu, faffaɗan bakinsa ya buɗe a saman kansa yana fuskantar gaba. Wannan ƙahon shi ne susafon. Shi ke fitar da murya mafi kauri a cikin ayari, wadda sauran kayan busa ke takawa a kanta. Ɗan gidan tuba ne, an haife shi a Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, ya kuma ci sunan John Philip Sousa, shahararren jagoran badujala wanda ya rayu daga 1854 zuwa 1932.

Susafon na da nisan kwana. Wanda aka ƙera da kyau, in bai gamu da muguwar faɗuwa ba, yakan kai shekara ɗari ana busa shi. A tsawon wannan rayuwa yana ta sauya hannu, daga rundunar soja zuwa makarantar sakandare, daga makaranta zuwa kasuwar gwanjo, daga can zuwa wurin wani mabushi a New Orleans ko Meksiko. Takardunsa kan ɓace tun a hannu na biyu. Ranar da ya faɗo wa mai son sanin tarihinsa, sai a tarar da wani suna a jikinsa da ba wanda ya taɓa ji, ko a tarar babu sunan sam. Daga nan tambayoyi uku ke tasowa: wa ya ƙera shi, a wane gari, a wane zamani?

Matsayina a wannan sharhi shi ne, sunan da aka zana a bakin ƙaho shi ne shaidar da ido ke fara kaiwa gare ta, kuma ita ce mafi rauni. Asali na tabbata ne idan shaidu da dama, waɗanda ba su jingina da juna ba, suka haɗu a kan magana ɗaya.

Ko na farkon ma sai da aka yi gardama

Kafin susafon akwai helikon, ƙaho mai naɗe jiki wanda Ignaz Stowasser na Vienna ya yi wa rajista a 1848, shekara goma sha uku bayan Wilhelm Wieprecht da Johann Gottfried Moritz sun yi wa tuba rajista a Berlin a 1835. Helikon na da sauƙin ɗauka a kan doki ko a cikin maci, amma bakinsa matsattse ne, yana harba sauti gefe ɗaya. Sousa, wanda ya jagoranci badujalar rundunar Marines ta Amurka daga 1880 zuwa 1892 kafin ya kafa tasa, bai gamsu da wannan ba a zauren kiɗa. So yake a yi masa ƙaho mai faffaɗan baki da ke kallon sama, don murya ta tashi ta bazu a kan dukan ayarin. Ke nan ba don maci aka fara yin susafon ba, don zaure aka yi shi.

Shekaru da yawa kamfanin C.G. Conn na garin Elkhart a jihar Indiana yana tallar cewa shi ya ƙera na farko. Yana da abin kafa hujja, domin ya fito da nasa a 1898, kuma nasa ne ayarin Sousa ya riƙe. Sai dai Sousa da bakinsa, a wata hira a 1922, ya danganta na farkon ga J.W. Pepper na Filadelfiya. Magana ta zauna a haka, kowa da nasa, har 1973, lokacin da wani mai busa tuba ya tsinci wani tsohon ƙaho mai kallon sama a kasuwar tsofaffin kaya a jihar Pennsylvania. A bakinsa akwai sunan Pepper da zanen hoton Sousa. A 1991 ƙahon ya koma hannun kamfanin Pepper, inda yake har yanzu.

Ko bayan nan da sauran aiki, domin an daɗe ana rubuta cewa a 1893 aka ƙera shi. Wannan shekara tana nan a zane a jikinsa, amma tana nuni ne ga lambar yabon da kamfanin ya samu a babban bajekolin Chicago na shekarar. Binciken Dave Detwiler, wanda ya bi tsofaffin jaridu da mujallun kamfanin ɗaya bayan ɗaya, ya nuna a 1895 aka ƙera shi, kuma mabushi Herman Conrad ya busa shi a rangadin ayarin Sousa na 1896. Tallar kamfani ba ta wadatar ba, shekarar da ke jikin tagulla ita ma ta ruɗi mutane, sai da aka haɗa ƙahon da takardun zamaninsa sannan magana ta tsaya. In haka ta faru da ƙahon da ya fi kowanne suna, ƙahon da ba a san mai shi ba ya fi buƙatar haƙuri.

Dalilin da suna ba ya isa

Dalili na farko a cikin ginin ƙahon yake. Faffaɗan bakin nan mai siffar mazurari cire shi ake yi. 'Yan kusoshi uku ke riƙe da shi a wuyan gangar jiki, a kwance su a raba ƙahon biyu don a sa shi a akwati. A ɗakin ajiyar makaranta mai susafon goma, inda yara ke kwancewa suna ɗaurawa kowane mako, mazurarin wannan kan koma jikin wancan muddin ya shiga. Mai gyara ma, in aka kawo masa mazurarin da ya lotse, yakan ɗauko na wani mataccen ƙaho ya maye gurbinsa. To, a kan mazurarin nan ake zana suna. Mai sayen tsohuwar mota ba ya tsayawa ga tambarin da ke kan bonet, lambar inji da ta shasi yake dubawa, haka ma ake yi wa susafon.

Dalili na biyu a cikin kasuwar yake. Daga shekarun 1920 makarantun Amurka suka rungumi badujala, musamman bayan gasar ƙasa da aka yi a Chicago a 1923. Buƙata ta yi yawa, kuɗin makarantu kuwa kaɗan ne. Manyan masana'antu suka buɗe ƙananan sassa masu fitar da kaya masu rahusa da wani suna dabam. Conn na da Pan American da Cavalier. H.N. White na Cleveland, mai tambarin King, na da Cleveland da American Standard. Martin na da Indiana, Holton na da Collegiate, York na garin Grand Rapids kuma na da wani kamfani mai sunan garin. Sannan ga abin da masu harkar ke kira stensil: masana'anta ta ƙera ƙaho ba suna, kanti ko dillali ya saya da yawa ya sa a zana nasa. Manyan kantunan da ke sayar da kaya ta gidan waya a wancan zamani, irin su Sears da Montgomery Ward, da dillalan kayan kiɗa irin su Wurlitzer da Carl Fischer, duk sun yi haka, har da ƙananan kantunan garuruwa da suka daɗe da rufewa. Dillali ɗaya kan sayo daga wannan masana'anta bana, baɗi ya koma wata. Don haka suna ɗaya na iya zama a kan ƙahoni uku da hannaye uku dabam suka ƙera.

Dalili na uku shi ne ƙetare. Garin Graslitz na Bohemiya, wanda yau ake kira Kraslice a Jamhuriyar Cek, da maƙwabcinsa Markneukirchen na Jamus, sun shekara da shekaru suna cika jiragen ruwa da kayan busa zuwa Amurka. Kamfani irin Bohland & Fuchs ya ƙera kaya masu yawa da suka isa kasuwa da sunan wasu. A zamanin baya-bayan nan Japan da Taiwan da Sin sun shigo, ga kuma garin Meerut na Indiya da ke ƙera wa masu kiɗan biki ƙahoni masu araha, wasu da sunaye masu kama da na tsofaffin kamfanonin Ingila. Sabon ƙaho mara inganci, in ya sha rana da ƙura na 'yan shekaru, yakan yi kama da tsoho ga idon da bai saba ba.

Siffa ce ke fara yanke zamani

Kafin a karanta ko harafi ɗaya, a ja da baya a dubi ƙahon gaba ɗaya. In mazurarin na kallon sama, irin wanda ake wa laƙabi da matarin ruwan sama, to tsarin farko ne. Conn ya fito da mai kallon gaba a 1908, sannu a hankali ya mamaye kasuwa, ko da yake an ci gaba da yin mai kallon saman har cikin shekarun 1920, kuma Sousa bai rabu da shi ba har ya mutu. In kuwa bakin ƙarami ne, a liƙe yake ba ya cirewa, yana miƙewa gefe, to helikon ne, ba susafon ba. Masu sayarwa da yawa na rikita su. Akan kuma ci karo da helikon da wani mai gyara ya yanke ya ɗora masa wuyan susafon, kuma tabon liƙin dalma a wurin haɗin ne ke tona shi.

Sai tsawon bututu. Babban susafon, wanda ake rubuta muryarsa BBb, bututunsa na kai ƙafa 18 in aka miƙe shi, wato kimanin mita biyar da rabi. Ƙaramin, mai muryar Eb, ƙafa 13 ne, kusan mita huɗu. Na Eb ya yi tashe a makarantu a rabin farko na ƙarni na 20, daga baya ya ja baya ƙwarai, don haka ganinsa kan karkatar da zato zuwa wancan zamani. Faɗin mazurari da aka fi sabawa da shi inci 26 ne. Wanda ya zarce haka da yawa, ga gangar jiki mai kauri, yana iya zama cikin ƙattan da aka ƙera 'yan kaɗan a shekarun 1920, irin su 46K da 48K na Conn.

Bawul ma na magana. Masana'antun Amurka sun tsaya ga bawul mai fistin, wanda yatsa ke dannawa ya nutse, sifirin ya dawo da shi, yawanci guda uku, jefi-jefi huɗu. Bawul mai juyawa, wanda ake taɓa wani ɗan faifai ya murɗa shi, al'adar Jamus da Bohemiya da Rasha ce, saboda haka susafon mai irinsa kan nuna tsakiyar Turai. Abin da aka yi jikin da shi kuma na yanke iyaka. Farin susafon na faiba, mara nauyi, bai bayyana ba sai farkon shekarun 1960. Rufin azurfa mai dishi-dishi, da ruwan zinariya a cikin mazurari, ado ne da aka fi so kafin yaƙin duniya na biyu, daga baya tagulla mai shafen baranishi ta fi yawa.

Lamba da tarkonta

Lambar ƙira a yawancin ƙahonin Amurka tana jikin gidan bawul na biyu, wato na tsakiya. Wasu masana'antu kan maimaita ta, ko ƙarshenta, a kan fistin ɗin kansu da kuma wuyan mazurari. In lambobin nan suka zo ɗaya, an samu tabbacin cewa sassan tare suka fito. In suka saɓa, ƙahon haɗe-haɗe ne, kuma kowane sashe sai an bi asalinsa dabam.

Akwai jerin lambobi da shekarunsu na manyan kamfanoni, amma a riƙe su da hannu biyu. Masana'antar Conn ta ƙone a 1910, sannan bayan an sayar da kamfanin ga Crowell-Collier Macmillan a 1969, aka kwashe aikin tagulla zuwa Abilene a jihar Texas, tsofaffin takardu masu yawa suka salwanta. Jerin da ke yawo a yau masu bincike ne suka sake haɗa su daga rasit da takardun garanti da ƙahonin da aka san ranar sayensu. Kuskuren shekara ɗaya ko biyu ba abin mamaki ba ne a cikinsu.

Babban tarkon shi ne karanta lamba a jerin da ba nata ba. Pan American na da nasa lissafin dabam da na Conn, ko da yake gida ɗaya ne. Wanda ya ɗauki lambar Pan American ya nema a jerin Conn zai fito da shekarar da ta girmi ƙahon nesa ba kusa ba, har ya zaci ya tsinci abin da babu irinsa. Ƙahonin Bohemiya kuwa sau da yawa ba su da lambar ƙira sam. Abin da ake gani a bawul ɗinsu 'yan ƙananan lambobi ne a jere, kamar 22 da 23 da 24, waɗanda ma'aikata ke bugawa don kada fistin ɗin wannan ya shiga gidan wancan a kan teburin haɗi. Ba su faɗin shekara, amma ganinsu kaɗai alama ce ta inda ƙahon ya fito. Saboda haka tsarin aikin shi ne a fara gano masana'anta, sannan a nemi shekara. Wanda ya juya wannan tsari zai samu amsa, amma ba ta gaskiya ba.

Adireshi da sunan ƙasa

Rubutun da ke kan mazurari, duk da rauninsa wajen faɗin maƙeri, yana da ƙarfi wajen faɗin lokaci, domin kamfanoni na ƙaura, ƙasashe na sauya suna. Frank Holton ya fara a Chicago a 1898, ya koma Elkhorn a jihar Wisconsin a 1918, don haka sunan garin da ke ƙarƙashin nasa na raba zamani biyu. Carl Greenleaf ya sayi Conn a 1915, daga nan aka ƙara Ltd. a bayan sunan. Sunan H.N. White ya bar jikin ƙahonin King a tsakiyar shekarun 1960. Kamfanin Olds ya tashi daga Los Angeles zuwa Fullerton a shekarun 1950. Boosey da Hawkes na Ingila kamfanoni biyu ne kafin su haɗe a 1930, saboda haka ganin sunayen biyu tare na nufin bayan wannan shekara.

Dokar harajin McKinley ta 1890 ta wajabta a rubuta ƙasar asali a kan kayan da ake shigarwa Amurka, kuma wannan ya zama alheri ga mai bincike. Sau da yawa ɗan ƙaramin rubutu ne a ɓoye, a wuyan da ake sa ƙoƙon busa ko a gindin bawul. Cekoslobakiya ba ta wanzu ba sai 1918, ta kuma rabu biyu a ƙarshen 1992. Ƙahon Graslitz na kafin 1918 sunan Ostiriya ko Bohemiya yake ɗauke da shi. Jamus ta Yamma da ta Gabas sun tsaya daga 1949 zuwa 1990. Bayan yaƙin duniya na biyu an kori Jamusawan Graslitz, masana'antun garin suka narke cikin kamfanin Amati, wasu daga cikin korarrun maƙeran kuma suka kafa Miraphone a Waldkraiburg a 1946. Wannan ya sa ake samun ƙahoni masu kama da juna ƙwarai daga ɓangarori biyu na iyaka.

Shekarar da aka gani a zane kuwa sai an tambayi ta mece ce. Shekarar lambar yabo ko ta rajistar fasaha na cewa ne kawai ba a ƙera ƙahon kafin ita ba. Couesnon na Faransa ya daɗe yana zana bajekolin Paris na 1900 a kan kayansa, alhali ainihin shekarar ƙira tana cikin wani ɗan tambari mai kama da abarba, da lambobi biyu a tsakiyarsa.

Inda hannun maƙeri ke ɓoye

A nan aikin ya fi daɗi, a nan kuma ya fi wuya. Masana'anta na iya sauya suna a kan mazurari cikin minti kaɗan, amma ba ta sauya injinanta da ma'aunanta saboda dillali ɗaya. Ƙananan sassan da ba mai saye da ke kula da su, su ne ke riƙe da gaskiya: 'yan tokaran da ke haɗa bututu da bututu da siffar ƙafafunsu, zobban da ke rufe mahaɗa, murafen bawul na sama da na ƙasa da irin zaren da aka yi musu, maɓallan yatsa, makullin zubar da ruwa, da hanyar da bututun kowane bawul ya bi ya lanƙwasa. Kowace masana'anta na da salonta a waɗannan, kuma takan shekara ashirin ko talatin ba ta taɓa shi ba.

Faɗin ramin bututu a wurin bawul shaida ce da ake aunawa, ba a kintata. Manyan susafon na Conn an san su da inci 0.734, na King kuma da 0.687. Wani lokaci gwaji ɗaya ya isa: a ɗauko murfin bawul na ƙahon da aka tabbatar da asalinsa a ɗaura a kan wanda ake bincike, in zaren ya hau lafiya lau, an samu babbar alama. Wasu fasahohin ma na gida ɗaya ne. Samfurin 20K na Conn, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1930, yana da bawul mai gajeren zango, ramukansa ba zagayayyu ba ne, sandar fistin kuma ba a tsakiya take ba. Wanda ya kwance irin wannan bawul ya san gidan da ya fito, ko da an kankare suna.

Duk da haka, kama da wane ba wane ba ne. Elkhart gari ne da ma'aikata ke tsallaka titi su sauya masana'anta. Gus Buescher a Conn ya yi aiki kafin ya kafa nasa kamfanin a 1894, 'yan gidan Martin ma haka. F.A. Reynolds ya daɗe a wurin H.N. White kafin ya buɗe nasa a Cleveland a 1936. Kowannensu ya tafi da abin da hannunsa ya saba. A Turai kuma akwai masu sana'ar bawul zalla, suna sayar wa ƙananan maƙera da dama. Saboda haka tokara ɗaya mai kama da ta Conn ba ta isa a ce Conn ba. Sai an ga tokara da murfi da ma'auni da lanƙwasa duk sun nufi gida ɗaya.

Tsayin murya da sawun masu shi

Akwai shaidar da kunne ke bayarwa. Kafin a daidaita, ayarin badujala da yawa na busa ne a kan ma'auni mai tsayi, inda sautin da ake gwaji da shi ke girgiza sau 452 ko fiye a sakan guda, maimakon 440 da aka amince da shi a taron London na 1939. Amurka ta koma ƙaramin ma'aunin tun wajen 1920, badujalar Ingila kuwa ta riƙe babban har tsakiyar shekarun 1960. A kan wasu ƙahoni akan ga haruffan L.P. ko H.P. masu nuna wanne ne. Wasu kuma an ƙara musu guntun bututu daga baya don a sauke muryarsu, kuma bambancin launin tagulla a wurin na nunawa. Ƙahon Amurka mai babban ma'auni kusan kullum tsoho ne sosai.

Masu ƙahon ma sun bar sawu. Haruffan U.S.N. na nufin sojan ruwan Amurka, U.S.Q.M.C. kuma sashen sayo kayan soja. Makarantu kan buga sunansu da lambar ajiya. Akwatin, in na asali ne, yakan zo da takardar kantin da ya sayar. Daga 1942 zuwa ƙarshen yaƙin duniya na biyu an kusan daina ƙera kayan busa na farar hula a Amurka, Conn ya koma yin kamfas da na'urorin jiragen sama, don haka iƙirarin cewa ƙahon makaranta na 1943 ne abin a sake dubawa ne. Daga ƙarshe sai a koma ga takarda: tsofaffin kundayen tallar kaya masu zane da ma'auni, littafin New Langwill Index na William Waterhouse da ya fito a 1993 mai jera maƙeran kayan busa da adireshinsu, da gidan tarihin kiɗa na ƙasa da ke Vermillion a jihar South Dakota, wanda ke adana takardun Conn da na Holton.

Yadda ya kamata a yanke hukunci

Sakamakon irin wannan bincike hawa-hawa ne, kuma mai gaskiya kan faɗi hawan da ya tsaya. Wani ƙahon za a ce wannan masana'anta ce, wannan samfuri, wannan shekara. Wani za a ce aikin Elkhart ne na tsakanin yaƙoƙin duniya biyu. Wani kuwa iyakar abin da za a ce shi ne Bohemiya, kafin 1918. Duk waɗannan amsoshi ne masu daraja. Abin da ke ɓata fagen shi ne ɗaga zato zuwa matsayin tabbas, domin da zarar an rubuta wa ƙaho asalin ƙarya a takardar ciniki, mai bincike na gaba zai kafa hujja da shi, kuskure ya haifi kuskure.

A kuma raba ƙarancin abu da tsadarsa. Sunan da ba a taɓa ji ba sau da yawa na ƙaramin kanti ne da ya sayi ƙahoni masu rahusa, kuma a kasuwa bai kai sanannen 20K da aka ƙera dubbai ba. Amfanin sanin asali ya wuce farashi. Mai gyara na buƙatarsa don ya san fistin da sifirin da wuyan da za su shiga. Mabushi na buƙatarsa don ya san ko ƙahon zai jitu da na abokan busarsa. Tarihi kuma na buƙatarsa, domin waɗanda suka buga tagullar nan da guduma, suka lanƙwasa bututu, suka liƙa tokara, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, kuma mayar da ƙaho ga masana'antarsa shi ne ɗan haƙƙin da ya rage a ba su.

Saboda haka roƙona ga duk wanda tsohon susafon ya faɗo hannunsa shi ne kada ya yi gaggawar kai shi injin goge ƙarfe. Gugar inji na cinye zane mara zurfi da ƙananan lambobi, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. A wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu mai laushi, a ɗauki hoton kowane rubutu da kowace tokara da hasken da ke zuwa daga gefe, a auna mazurari da ramin bututu, a rubuta inda aka samo shi da abin da mai shi na baya ya faɗa. Sashen da aka cire wajen gyara a adana shi tare da ƙahon. Wanda ya yi wannan, ko bai kai ga sunan maƙerin ba, ya bar wa na bayansa shaidu cikakku da zai ƙarasa aikin da su.